Darasi na Tara: Gano Yoyon Mai a Tsohuwar Tarakta da Yadda Ake Gyara Shi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bambance ire-iren man da ke cikin tarakta ta hanyar launi da wari da kauri.
2. Bin sawun yoyo har zuwa inda ya faro.
3. Gyara ƙaramin yoyo da kansa, da gane wanda ya fi ƙarfinsa.
4. Kare lafiyarsa da ruwan noman rani yayin gyara.

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, noma ya daina jiran damina a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwa na gangarowa da kansa ta manyan magudanai zuwa ƙanana har bakin gona, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Da an ɗauke shinkafar damina sai a shiga alkama da tumatir da albasa da masara. Ma'ana, tarakta a wannan yanki ba ta da hutu kamar ta sauran wurare.

Yawancin taraktocin da ke wannan aiki sun kwana biyu a duniya. Akwai Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins na silinda 3. Akwai 375 mai silinda 4, wadda ake shigowa da ita daga Pakistan. Akwai kuma ragowar Fiat da aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Steyr ta Bauchi. Ƙarfensu na da ƙwari, amma robobi da gasket ɗin da ke tare mai a cikinsu suna tsufa. Shi ya sa da wuya ka ga inda tsohuwar tarakta ta kwana ba ka tarar da baƙin tabo a ƙasa ba.

Direbobi da yawa kan ce, "Ai tsohuwar mota ba ta rasa ɗiga." Bari mu yi lissafi mu gani. Ɗigo 20 na kai kusan mililita 1. Idan mai na ɗiga sau ɗaya a kowane sakan, a awa 1 an yi asarar mililita 180. A aikin awa 8 an zubar da kusan lita 1 da rabi. Baƙin man da irin waɗannan injina ke ɗauka bai wuce lita 6 zuwa 8 ba. Ke nan a aikin kwana 5 ɗigon da aka raina zai iya ƙarar da man injin gaba ɗaya. Injin da ya yi aiki ba mai kuwa bugawa yake yi, kuma kuɗin tayar da shi ya ninka kuɗin robar da ta jawo matsalar sau ba adadi.

Kashi na ɗaya: Wane mai ne ke zuba?

Kafin ka taɓa sifana, fara sanin irin man da ke zuba. Da yamma, bayan an tashi daga aiki, ka ajiye tarakta a wuri mai lebur, ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta daga gaba har baya. Da safe ka duba tabon da ke kan kwalin, ka shafa da yatsa, ka sansana.

Baƙin mai, wato man inji: baƙi ƙirin ne a injin dizal, yana da ɗan kauri, yana warin ƙuna. Tabonsa kan kasance a gaba, ƙarƙashin inji.

Man giya da haidurolik: launinsa ruwan zuma ne, ya fi baƙin mai haske. A Massey Ferguson mai guda ne ke yi wa giya da ƙafar baya da famfon ɗaga garma aiki, kuma ya haura lita 25. Tabonsa kan kasance daga tsakiya zuwa baya.

Man gas, wato dizal: tsinkakke ne, yana bazuwa a kwali da sauri, warinsa ba ya ɓuya.

Man sitiyari: a taraktocin da ke da famfon sitiyari za ka ga tabonsa kusa da tayoyin gaba.

Daga nan sai ka zaro gejin mai. Abu uku yake gaya maka. Idan man ya yi ƙasa, akwai yoyo ko injin na shan mai. Idan man ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, kuma yana warin gas, to dizal ne ke tsiyaya zuwa cikin inji, galibi ta ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki, ko ta robar famfon injekta. Idan kuwa man ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. A inji, ana zargin gasket ɗin kan silinda. A giya, ruwan sama ko na wanki ne kan bi ta yagaggiyar robar sandar giya, ko ruwan fadamar shinkafa ya shiga ta ƙafar baya.

Kashi na biyu: Bin sawun yoyo

Babbar ƙa'idar wannan darasi ita ce: inda mai ya ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Mai na gangarowa daga sama zuwa ƙasa, iskar fanka kuma na kora shi daga gaba zuwa baya. Ɗigon da ka gani a ƙasan inji zai yiwu daga can saman inji ya taso. Wanda ya kwance inda ya ga ɗigo, sau da yawa yakan canza lafiyayyen abu ya bar mai ciwon.

Ga matakan da za ka bi:

1. Ka wanke injin. Ka kankare daskararriyar laka da mai, ka goge da kananzir da burushi, ka bi da ruwan omo. Ka rufe bakin matatar iska da kayan wuta da leda kada ruwa ya shiga. Kada ka watsa ruwan sanyi a inji mai zafi.

2. Ka bari ya bushe sarai.

3. Ka barbaɗa hoda ko tankaɗaɗɗiyar toka a wuraren da kake zargi.

4. Ka tayar da inji ya yi zafi na minti 10 zuwa 15. Idan man haidurolik kake bi, ka ɗaga garma ka sauke sau da yawa, ka juya sitiyari dama da hagu.

5. Ka kashe inji, ka ɗauki tocila, ka duba daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya. Man zai zana layi a cikin hodar. Wurin da ya fi kowanne tsawo a jiƙe, nan ne tushen yoyon.

Misali

Wani mai tarakta ya ga baƙin mai na ɗiga daga tsakiyar motarsa, daidai inda inji ya haɗu da giya. Ya kira makaniki.

"Malam, ina jin robar bayan inji ce ta tafi. A raba motar kawai, gobe ina da haro a gonar mutane."

"Alhaji, a yi haƙuri a ba ni awa ɗaya tukuna. Raba mota ba wasa ba ne. Bari yaro ya wanke ta mu ga inda man ya taso."

Aka wanke, aka barbaɗa toka, aka tayar. Sai ga siririn layin mai ya faro daga kusurwar baya ta murfin saman inji, ya bi bayan silinda ya gangaro har ƙasa.

"Alhaji, matso ka gani da idonka. Gasket ɗin murfi ne ya bushe. Noti ƙalilan za mu kwance, kafin la'asar an gama."

Da an bi maganar farko, da an yi kwana biyu ana aikin da ba a buƙata, yoyon kuma yana nan.

Kashi na uku: Wuraren da aka fi samun yoyo

Murfin saman inji. Gasket ɗinsa kan bushe ya tsage saboda zafi. Gyaransa ya fi kowanne sauƙi.

Filtar mai. Ko ba a ɗaura ta daidai ba, ko tsohuwar robar ta maƙale a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta. Roba biyu a wuri ɗaya ba sa riƙe mai.

Notin juye. Washar jan ƙarfen da ke jikinsa takan lotse idan an daɗe ana amfani da ita.

Kaskon mai na ƙasan inji. Gasket ɗinsa kan saki, ko notoci su kwance saboda girgiza.

Robar gaban karanshaf. Idan ita ce, za ka ga mai ya fantsama a kan bel da fanka.

Ƙasan gidan kuloci. A Massey Ferguson akwai ɗan rami a nan da wani fil ke lilo a ciki. An yi shi ne don ya fitar da man da ya taru, ya kuma sanar da kai akwai matsala. Kada ka toshe shi. Idan baƙin mai ke fitowa, robar bayan karanshaf ce. Idan mai haske ne, robar sandar da ke shiga giya ce. Duka biyun sai an raba tarakta gida biyu.

Ƙafar baya. Mai kan jiƙe cikin wili. A taraktocin da ke da busasshen birki, irin 135, man kan shiga birki ya hana shi kamawa. Wannan haɗari ne babba ga mai jan tirela cike da buhunan shinkafa a gefen magudanar ruwa.

Sandar PTO da ke juyawa a baya. Karan shinkafa da zaren buhu da leda kan nannaɗe ta su cinye robar.

Tiyo da bututun haidurolik. Sukan tsage saboda rana da gogayya, ko su saki a mahaɗa.

Kashi na huɗu: Me ya kashe robar?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ka canza roba ba ka gano abin da ya kashe ta ba, sabuwar ma ba za ta yi ƙarko ba. Ka binciki waɗannan abubuwa biyar:

Bututun numfashi. Kowane inji na da bututun da ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa. Ƙurar hunturu da lakar gona, har da zanzaro, kan toshe shi. Da ya toshe, iskar ba ta da mafita, sai ta tura mai ta kowace roba. Idan ka ga inji na yoyo ta wurare da yawa a lokaci guda, fara duba wannan bututu. Gidan giya ma yana da nasa mashaƙar iska.

Ringi. Idan inji na aiki ka ga hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi ta bututun numfashi, ga shuɗin hayaƙi a salansa, ringin fistin ya cinye. A nan canza roba ɓata kuɗi ne, injin ne ke neman aiki.

Cika mai fiye da kima. Geji na da alama biyu. Mai ya tsaya tsakaninsu. Wanda ya wuce alamar sama neman hanyar fita zai yi.

Boris. Idan boris ya mutu, sanda kan yi rawa ta buɗe bakin roba. Ka kama sandar ka girgiza. In ta motsa, a canza boris tare da robar.

Zaizayar sanda. Ƙura da yashi kan taru a bakin roba su yi wa ƙarfen zobe. Ka bi wurin da farce. In farcenka ya maƙale, sai a ɗan gusa da mazaunin sabuwar robar don bakinta ya hau lafiyayyen wuri, ko a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su sa wa sandar riga.

Kashi na biyar: Yadda ake gyara

Canza gasket. Ka kwance murfin, ka kankare tsohon gasket tas ba tare da ka karce ƙarfen ba, kada kuma ɓarɓashi ya faɗa cikin inji. Ka goge fuskokin biyu su bushe. Ka ɗora murfin a kan lebur ɗin wuri ka ga ko ya lanƙwashe. Ka sa sabon gasket. In za ka shafa gam, ka shafa kaɗan. Gam mai yawa kan matso ta ciki, ya gutsure, ya je ya toshe rariyar famfon mai, sai ka gyara yoyo ka kashe inji. Wajen ɗauri, ka fara daga tsakiya, ka riƙa tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Ɗauri da ƙarfin tsiya murƙushe gasket yake yi.

Canza robar sanda, wadda makanikai ke kira sil. Ka juye man da ke bayanta a mazubi mai tsabta. Ka ɓanɓaro tsohuwar a hankali. A jikinta akwai lambobi uku, na faɗin ciki da faɗin waje da kauri. Ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko wurin mai kayan gyaran da ka amince da shi, a gwada maka. Araha ba ta ado: robar da ta bushe ko bakinta ya yi kaushi, bar ta ko kyauta ce. Wajen sawa, gefen da ke da ɗan zoben sifirin shi ke kallon mai, wato ciki. Ka shafa wa bakinta mai. Idan sandar na da haƙora, ka naɗe su da leda ko salatif don kada su yanke ta. Ka ɗora guntun bututu mai faɗinta, ka riƙa bugawa a hankali har ta zauna daidai ko'ina. Kada ka buge ta da guduma kai tsaye.

Filta. Ka tabbatar tsohuwar robar ta fita. Ka shafa wa sabuwar mai. Irin filtar da ake murɗawa, da hannu ake ɗaure ta, ba da sifana ba.

Washar jan ƙarfe. Sabuwa ta fi. In babu, ka gasa tsohuwar a wuta har ta yi ja, ka bari ta huce. Za ta yi laushi ta sake kamawa.

Tiyon haidurolik. Ba a ɗaure shi da robar tayar keke. Ƙarfin man da ke ciki ya wuce haka nesa. A canza shi.

Bayan kowane gyara, ka cika mai daidai geji da irin wanda littafin motar ya ce, ka tayar, ka sake gwajin hoda, ka kuma shimfiɗa kwali a daren.

Aikin da za a bar wa makaniki

Raba tarakta gida biyu, zare ƙafar baya, buɗe famfon injekta da canza ringi duk aikin ƙwararre ne mai kayan aiki. Idan har an raba mota, a canza robar bayan inji da ta giya a lokaci guda, a duba farantin kuloci. In ya sha mai, a canza shi, don zai riƙa sulɓewa. Haka takalmin birkin da ya jiƙe da mai, wanki ba ya mayar da shi daidai.

Kashi na shida: Kiyaye kai da kiyaye ruwa

Kafin ka shiga ƙarƙashin tarakta, ka kashe inji, ka zare makulli, ka sauke garma ƙasa, ka sa wa tayoyi waigi. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne, a tokare da katako mai kauri. Babbar riga da rawani da mayafi ba sa zuwa kusa da fanka ko sandar PTO.

Kada ka taɓa neman hujin tiyon haidurolik da hannu. Man da ke fita ta ƙaramin huji zai iya huda fata ya shiga nama. Ciwon kan yi kamar ba komai da farko, amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa. Ka yi amfani da guntun kwali. In tsautsayi ya faɗa, a tafi asibiti nan take, a gaya wa likita mai ne ya shiga.

Kada a wanke tarakta ko a yi juye a bakin magudanar ruwa. Ruwan da ya wuce gonarka, gonar maƙwabcinka zai shiga, dabbobi za su sha, yara za su yi wanka a ciki. A tara tsohon mai a jarka mai murfi a kai wa masu saye.

Kammalawa

Mun ga cewa gyaran yoyo na bin tsari: a san irin man, a wanke, a bi sawu, a gano dalili, sannan a kwance. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kafin a shiga gyaran gonakin alkama a watan Nuwamba, da kuma kafin faɗuwar damina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taraktar da ta tsaya a tsakiyar haro, ba mai ita kaɗai ke asara ba, har da manoman da suka biya kuɗi suna jiran layi.

Tambayoyi

1. Ta yaya za ka bambance baƙin mai da man giya a kan kwali?
2. Mene ne dalilin da zai sa man inji ya ƙaru ba tare da an ƙara ba?
3. Me ya sa ake wanke inji kafin a nemi yoyo?
4. Wane gefen sil ne ke kallon mai?
5. Idan mai na ɗiga sau ɗaya a kowane sakan 2, mililita nawa za a rasa a awa 8?
6. Kawo ayyuka uku da ya kamata a bar wa makaniki.

Aikin gida

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu. Kowane rukuni ya nemi izinin wani mai tarakta a unguwarsu, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta na dare ɗaya. Ku rubuta irin motar, da launin kowane tabo, da wurin da ya faɗo, da abin da kuke zargi. Kada ku kwance komai. Ku zo da kwalin aji a darasi na gaba, da shi za mu fara.